Yadda zaka buga adinkra da kwarya da bawon kirni

Mu da muke zaune a Kumasi, Aboabo ne ko Asawase, duk Asabar muna ganin Tonawa, wato Asante, sun yafa zane mai tambari da ake kira adinkra zasu wajen makoki, amma ba kowa ya san yadda ake yinsa ba. Ni sai da na shiga trotro, motar haya, hanyar Mampong na sauka garin Ntonso na zauna gun masu bugawa, sannan na gane ashe kwarya da bawon itace ne suka sa zanen ya zama yadda yake. To ga yadda zakayi naka a gida.

Fara da tawadar, su suna ce mata adinkra aduro. Bawon wata bishiya ce da suke kira badie, wallahi da na gani sai na ce ai kirni ne namu na arewa. Ka kankare bayansa, ka jika a ruwa ya kwana, ka daka a turmi har ya yi laushi, kar ka dauki turmin sakwarar uwargida dan Allah. Sai ka zuba a tukunya ka tafasa, ka tace, ka sake mayar da ruwan kan wuta yana ta dahuwa yana raguwa har ya yi kauri kamar madi, ya koma baki-baki yana sheki. Mutanen da suna jefa kashin makera a ciki don ya kara baki. Aikin hakuri ne, itace kam zai ci.

Tawadar nan bata shiga cikin zare kamar shuni, a saman yadi take zama, in ka wanke da sabulu tafiya zata yi. Shi yasa adinkra na asali ba kayan yawon kasuwa bane, ana yafawa ranar babban taro a dawo a ninke a saka cikin akwati. Wanda wani Bature Bowdich ya dauka daga Kumasi a 1817 har yanzu yana British Museum a Landan. Yanzu ana buga alamar adinkra ta Gye Nyame da fenti a kan singileti da kujerar roba, ana wankewa kullum, alamar dai ita ce amma wannan kwarjinin babu shi, ni dai haka nake gani.

Sai tambarin. Nemi kwarya mai kauri sosai, ba irin ta shan fura ba, ka yanko guntu wanda bai kai tafin hannu ba, ka zana alamar da fensir a bayanta, ka sassake wajen da baka so ya fito da wuka mai kaifi. Kar ka wahalar da kanka da siririn layi, kwarya bata rike shi, karyewa yake, kuma in ka lura shi yasa alamomin duk manyan layi ne masu gwabi, ka dubi Dwennimmen kahon rago ko Adinkrahene mai da'ira uku. Dan koyo ya fara da Adinkrahene. Ta cikin guntun kwaryar ka soke 'yan sanduna uku ko hudu ka daure kansu wuri daya da tsumma, mariki kenan.

Shimfida yadin auduga a kan katako, ka sa buhu a kasa don ya dan yi taushi, ka kafe gefe da kusa. Ka tsoma matajin katako a tawada ka ja layi tsaye da kwance har yadin ya rabu gida-gida, duk wanda ya yi makarantar allo zai tuna hatimin malamai, akwai ma masana da suke danganta tsarin da rubutun layu na Musulmin da suka zauna Kumasi tun da. Cikin alamomin ma akwai wadda ake kira Kramo bone, kramo kuwa mu Musulmi suke nufi.

Wajen bugawa tsoma tambarin kadan, ka dan yarfe, ka dora. Tunda bayan kwarya a gantsare yake ba dannawa kawai zakayi ba, sai ka mirgina hannu daga wannan gefe zuwa wancan sau daya ka daga. Na farkona duk ya cabe don na cika tawada. Wani zai fito da kauri wani ya dan kode, kyale shi haka, ka cika gida daya kafin ka wuce na gaba, in ka gama ka shanya a rana kar ka ninke sai ya bushe sarai.