Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Fitar da Sabon Irin Furen Dezi a Zariya

Ranar wata Asabar cikin hunturun bara, wata Hajiya mai sana'ar kwalliyar wuraren biki ta zo lambuna da ke bayan Samaru, riƙe da tsiro uku a leda. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, duba min nan. Ja wur na saya, na tara irinsa da hannuna, na shuka. Ga abin da ya fito." Na karɓa na duba. Ɗaya ruwan hoda ne koɗaɗɗe, ɗaya ruwan goro, na ukun ja ne amma ɗan ƙarami, wuyansa a lanƙwashe. Ta ce anya mai sayarwar bai cuce ta ba? Na ce, "Hajiya, wannan karon ba wanda ya cuce ki. Halin furen ke nan."

Furen da ta kawo ɗan gidan dezi ne, wanda masana ke rubutawa Gerbera, mu kuma muke ce masa gabera. Gidan dezi babban gida ne, har shuwaka da latas da furen rana duk a cikinsa suke. Asalin gabera Afirka ta Kudu ne. A wajen garin Barberton wani mutum mai suna Robert Jameson ya tattaro shi a shekarun 1880, shi ya sa ake kiran wancan na daji Gerbera jamesonii. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, Richard Lynch na lambun tsirrai na Jami'ar Kambirij a Ingila ya haɗa shi da wani ɗan uwansa na daji, daga nan kuma aka yi ta haɗe-haɗe har yau. To, wanda kika saya a leda, Hajiya, tattaɓa-kunnen wannan gauraye ne. Launin kakanninsa duka yana kwance a cikin ƙwayarsa, kuma da zarar an shuka ƙwayar kowane launi zai nemi hanyar fitowa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma abin mamaki, manomanmu na Shika da Giwa sun daɗe da wuce shi a gonar masara. Duk wanda ya taɓa noma masarar haibirid ya san ba a ɗebo iri daga rumbu a mayar gona, sai dai a sayi sabo kowace shekara, in ba haka ba gona ta fito wata doguwa wata gajeruwa. Amma mutum ɗaya zai dawo gida ya tara ƙwayar fure yana sa ran ta haifo uwarta sak.

Gyaran shi ne a bar ƙwaya a koma jiki. In kana son furen da ka gani ya maimaita kansa ba canji, raba gindinsa za ka yi, kamar yadda ake cire 'ya'yan ayaba. Ka jira marka ta wuce, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ka tone tsohon gindi gaba ɗaya, ka wanke ƙasar har ka ga inda idanun tsiro suke. Ka yanka da wuƙa mai kaifi wadda aka goge da ruwan bilic, kowane yanki ya tafi da idonsa da saiwarsa. A rage ganye, a dasa a inuwa, a yi masa sati biyu kafin ya ga rana sosai. Dezi masu yin reshe kuwa, irin su Osteospermum da margarit, kan reshe mai taushi ake yankowa, tsawon ɗan yatsa, wanda bai ɗauki fure ba. A zage ganyen ƙasa, a soka a yashi mai gauraye da ƙonannen ɓuntun shinkafa. Cikin sati biyu zuwa uku yakan yi saiwa in ba a cika masa ruwa ba.

Ƙwaya tana da nata aikin, kuma babba ne: da ita ake neman sabon iri. A nan ne kuskure na biyu yake, wanda na fi so mu daɗe a kansa.

Mutane suna ɗaukar kan dezi a matsayin fure guda. Ba guda ba ne. Ka ciro ɗaya ka yage shi a tafin hannunka ka gani. Kowane harshe mai launi da ke gefe fure ne mai zaman kansa, kuma wannan tsakiyar da muke kira ido cike take da ƙananan furanni masu yawa, jere a zagaye, suna buɗewa daga waje zuwa ciki, layi bayan layi, cikin kwanaki. A gabera, na gefe mata ne, kuma su suke fara nuna. Za ka ga ɗan zare siriri ya leƙo daga gindin kowane harshe, kansa a rabe biyu. Garin barbara, wannan rawayan da ke manne wa yatsa, daga na tsakiya yake fitowa, kuma sai bayan 'yan kwanaki. Wanda bai san haka ba yakan jira sai fure ya buɗe sarai ya yi kyau, sannan ya zo da garin wani furen ya shafa a tsakiya. A lokacin ƙudan zuma da ƙudaje sun riga sun gama aikin tun shekaranjiya, da garin da suka kwaso daga inda Allah kaɗai ya sani. Ya shuka ƙwayar, bayan wata huɗu ko biyar ya ga fure ya fito, ya ce ga ɗan ja da fari, alhali uban wani ne daban.

Ga yadda nake yi. Tun kan furen uwa bai buɗe ba nake sa masa hula da yankin tsohon gidan sauro, in ɗaure a wuya da zare, ba da ƙarfi ba. Shi ma uban ina rufe shi, don kada a kawo masa baƙon gari. Ranar da zaren matan gefe ya leƙo, da hantsi bayan raɓa ta bushe, sai in ɗebo gari daga uban da ɗan buroshin fenti mai laushi, in bi gefen uwar ina taɓawa a hankali, in mayar da hular. Ina maimaitawa safiya uku a jere, domin ba rana ɗaya suke nuna duka ba. In zan canja uba, sai na wanke buroshin ya bushe tukuna. Furanni masu cunkoson harsuna, waɗanda suka fi tsada a wurin biki, garinsu kaɗan ne, don haka sun fi dacewa da zama uwa.

Sai rubutu. Wallahi rashin rubutu ya lalata aikin mutane da yawa fiye da kowace cuta. A rataya wa kowane kai ɗan kati: sunan uwa a farko, na uba a biye, sai kwanan wata. Da fensir, ba da biro ba, domin ranar Zariya tana shanye tawada cikin 'yan makonni. A kuma kwafe a littafi a ajiye a ɗaki.

Wajen wata guda bayan barbara, kan zai bushe ya yi gashi fari kamar audugar tumfafiya. In babu hula, iskar hunturu ta yini ɗaya ta isa ta kwashe maka aikin wata. Ka murza a faranti, ka zaɓi ƙwayoyi masu ƙiba, sirara fanko ne. Kada ka ajiye su a leda kana jiran damina. Ƙwayar gabera ba ta da doguwar rai, musamman a zafin ɗakunanmu, 'yan watanni kaɗan ta mutu. A shuka ta da wuri, tsininta a ƙasa, gashinta a sama yana leƙe, ba a binne ta kamar gyaɗa.

Kuskure na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, domin na yi shi. Shekarun baya wani tsiro ya fito mini a cikin 'ya'yan da na haɗa, rawaya mai baƙin ido, faɗinsa ya kusa tafin hannu. A watan Janairu ya buɗe. Duk wanda ya shigo lambun a gabansa yake tsayawa. Na zubar da 'yan uwansa da ba su kai shi kyau ba, na ba shi wuri mafi kyau, na yi ta raba gindinsa. Da bazara ta kama, kafin azahar wuyansa ya sunkuya, launin ya koɗe ya koma kamar tsohon zane. Da marka ta zo a watan Agusta, cikin kwana goma gindin ya ruɓe ɗaya bayan ɗaya, ban tsira da ko guda ba. Waɗanda na zubar, wataƙila a cikinsu akwai mai jure wannan ƙasar, amma ban ba su damar nunawa ba.

Hunturu yana rufa wa kowane dezi asiri. Gabera yana son rana mai digiri 20 zuwa 25 da dare mai sanyi, kuma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu Zariya tana ba shi wannan sanyin daren, dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jarrabawar gaskiya biyu ce: Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, da kuma Agusta, lokacin da kaso mai tsoka na ruwan shekara, wanda yake wajen milimita 1,000, ke sauka ƙasa ba ta samun bushewa. Tsiron da bai ga waɗannan biyun ba, ba a san shi ba tukuna. Luther Burbank na Kalifoniya a Amurka ya yi shekara 17 yana haɗa dezi daban-daban kafin ya fitar da wanda ya kira Shasta a 1901. Kuma shi Shasta ɗin, duk da farinsa da sunansa, don ƙasar sanyi aka yi shi, da yawa daga ire-irensa ba sa fure sai sun sha sanyin da ba mu da shi. Osteospermum ma yakan daina fure in zafi ya tsananta. Don haka hoton da ke jikin fakitin irin da aka kawo daga Turai ba alkawari ba ne ga mai lambu a Tudun Wada ko Kongo.

Abin da za a yi shi ne a riƙe tsirrai da yawa har shekara ta zagayo, ana rubuta abin da ido ya gani, ba abin da zuciya ke so ba. Tsawon kara nawa? Fure nawa gindi ɗaya ya bayar a wata? Wuya yana tsayawa da tsakar ranar Afrilu? Launi yana nan bayan kwana biyar a rana? Cutar nan mai kama da farin gari tana hawa ganyensa? In an cire shi an sa a ruwa, kwana nawa yake yi? Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu kwalliyar biki ke biyan kuɗi a kansa. A nan ma akwai ɗan kuskure: ba a yanka karan gabera daga gindi, ana kama shi ne a ƙasa a karkata a fizge, bayan layi biyu na tsakiya sun fitar da gari, sannan a datse ƙarshen a sa a ruwa kaɗan mai tsabta, domin ruwa mai zurfi yana ruɓar da karan.

Wani lokaci kuma tsiron bai da laifi, dashen ne. Gabera ba ya son a rufe masa wuya. Inda ganye ke fitowa ya zauna a saman ƙasa kaɗan, a kan kunya mai tudu ko a tukunya mai huji sosai. Ƙasarmu ta nan tana yin ɓawo bayan ruwa, sai an sassauta ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Ban ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. In ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, ba yunwar yuriya ba ce, sinadarin ƙarfe ne ya gagare shi sha, kuma zuba toka yana ƙara dagula abin. Farin ƙuda kuwa, nisanta furen da tumatir, ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa, ka fesa jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya da yamma tun abin bai yi yawa ba.

Saura maganar suna. Na sha ganin mutum ya sayi iri daga waje, ya ga launinsa ya ɗan ƙara duhu da sanyi, ya laƙaba masa sunan 'yarsa ya ce sabo ne. Canjin da yanayi ya kawo yana tafiya tare da yanayin. Sabon iri sai ya bambanta da duk wanda aka sani, 'ya'yansa su fito bai ɗaya, kuma ya tsaya a kan kamanninsa bayan an raba shi an sake rabawa. A kan waɗannan sharuɗɗan dokar kare haƙƙin masu fitar da irin shuka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2021, take ba da kariya. Mu a Zariya ma ba baƙin wannan tsari ba ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba ta sa wa sabon irin masara sunan SAMMAZ ko na wake SAMPEA sai an yi shekaru ana gwadawa a wurare daban-daban. Yawancin gaberan da ake shigowa da su kuma suna da masu su a ƙasashen da aka fitar da su, canja musu suna cin haƙƙi ne.

Hajiya ta dawo bayan sati da tukunyar uwar, wadda Allah ya sa ba ta jefar ba. Muka zazzage ta a kan buhu, muka sami ido huɗu masu kyau, muka raba. Duka huɗun sun yi ja wur kamar yadda take so. Tsirran nan uku da ta fara kawowa kuwa ta ce in zubar, na ce ta bar mini. Ruwan hodar da ƙaramin jan sun tafi da marka. Ruwan goron ya wuce Afrilu wuyansa a tsaye, ya wuce Agusta, na raba shi uku a watan Nuwamba. A katinsa babu suna, lamba ce kawai da fensir, da alamar tambaya a gurbin uba.