Maɓallai Talatin, Umarni Ɗaya: Inda Masu Rubuta VBA Ke Tuntuɓe

Ka zana fom a Excel, ka jera maɓallai talatin, kowanne aiki kusan iri ɗaya yake yi idan an danna shi. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu rubuta CommandButton1_Click, sai CommandButton2_Click, har zuwa na talatin. Zai yi aiki, ba a musu. Amma ranar da gyaran layi guda ya taso, wuri talatin za ka bi, kuma da wuya ba ka tsallake ɗaya ba. Wanda ya saba da Visual Basic 6 zai nemi jeren maɓallai masu suna ɗaya da lamba daban-daban, sai dai VBA, yaren rubuta umarni da ke cikin Excel, ba ta da wannan. Mafita ita ce ka buɗe class module, wato shafin da ake rubuta aji, tsarin da za a iya yin kwafinsa da yawa, ka ayyana maɓalli guda da kalmar WithEvents, wadda ke sa ajin ya saurari abin da ya faru da maɓallin, ka rubuta masa Click sau ɗaya tak. Sannan a cikin UserForm_Initialize, umarnin da ke gudana lokacin da ake shirya fom, ka zagaya Me.Controls, jerin duk abubuwan da ke kan fom ɗin, duk wanda TypeName ɗinsa ya nuna CommandButton ka ɗaura masa kwafin ajin, ka adana kwafin a cikin Collection, wato ma'ajiyar da ke tara abubuwa wuri guda.

To, a nan ne ake shan wahala. Mutum ya yi komai daidai, ya danna maɓalli, shiru, ko saƙon kuskure babu. Galibi dalilin shi ne ya ayyana Collection ɗin da ke riƙe kwafin a cikin Initialize. Da zarar Initialize ta ƙare, VBA ta share duk abin da aka ayyana a cikinta, maɓallan suka rasa mai sauraronsu. Ka ɗauke wannan ayyanawa ka kai ta can saman shafin umarnin fom, wajen kowace Sub, don ta rayu muddin fom ɗin na buɗe.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne rubuta Dim tare da New a cikin zagayen. Kana zaton sabon kwafi kake samu kowane zagaye, alhali guda ɗaya ne kake ta sauya masa maɓalli, shi ya sa na ƙarshe kaɗai ke amsawa. Ka rubuta Set da New a cikin zagayen, Dim kuwa a waje.

Akwatunan rubutu suna da nasu halin. Ta hanyar WithEvents za ka samu Change da KeyPress, amma Enter, Exit, BeforeUpdate da AfterUpdate ba sa fitowa a jerin. Kada ka ɓata dare kana nemansu. Ka tantance abin da aka shigar a Change, ko ka bari sai an danna maɓallin adanawa ka duba duka lokaci guda, wanda ni na fi so.

Wani abin kuma, Application.EnableEvents = False, da ke dakatar da martanin Excel na kai tsaye, ba ya hana martanin abubuwan da ke kan fom, irin su Change, tashi. Idan umarninka ya sauya rubutun akwati, Change zai tashi, wani lokaci ya yi ta kiran kansa. Ka kafa Boolean naka, wato ma'ajiyar da ke riƙe True ko False kawai, ka mai da shi True kafin sauyin, Change ta duba shi ta fice.

Idan kuwa maɓallan Form Controls ne a kan shafin lissafi, duk wannan bai taso ba. Ka ba su macro guda, wato Sub ɗaya da dukansu za su kira, Application.Caller zai faɗa maka sunan wanda aka danna.