Yadda ake gyara fikof ɗin jita idan yana rawa

Duk wanda ya kawo mini jitar lantarki mai fikof (na'urar maganaɗisu da ke ɗaukar sautin tsirkiya) yana kaɗawa, abin da ya riga ya yi ɗaya ne: ya ɗauki sukundireba ya yi ta ɗaure sukurun gefe har sai da fikof ɗin ya kusa taɓa tsirkiya. Waɗannan sukurun biyu na daidaita tsayi ne. Abin da ke riƙe fikof ya tsaya ƙyam shi ne sifirin ko ɗan bututun roba da ke jikin sukurun, ko kuma soson da ke ƙarƙashinsa. Idan suka mutu, ɗauri ba ya magani.

Kafin ka taɓa komai, auna tsayin da yake yanzu ka rubuta. Sannan duba irin jitarka, don kowane samfuri da yadda ake ɗaura masa fikof. A Stratocaster fikof yana rataye ne a jikin faifan roba na fuskar jita, a Les Paul kuma cikin zoben roba. A Jazz Bass sukurun cikin katako yake shiga kai tsaye, soso na turo shi sama.

Sassauta tsirkiyoyi, ka kwance faifan ko zoben, ka ɗaga a hankali. Nan ne na taɓa yin ɓarna. Na ɗaga faifan da ƙarfi, na bar fikof ya yi reto a jikin wayarsa, wayar da aka naɗe cikin fikof ɗin ta tsinke daga gindi. Wayar nan ta tagulla ta kai siririn gashin kai, ga ta zagaye dubbai, kuma idan ta katse daga ciki sai dai a sake naɗi ko a sayi sabo. Saboda haka shimfiɗa tawul a kan jitar, ka kifa faifan a kai, kada nauyi ya sauka a kan waya ko na daƙiƙa ɗaya. Ka kuma riƙe bakin sukundireba da yatsu, don maganaɗisun yana fizgarsa ya karce fenti.

Cire tsohon sifirin ka sa sabo. Ni na fi son bututun roba, ba ya tsalle ya ɓace ƙarƙashin kujera, ba ya kuma yin ƙara. Yanka shi ya ɗan fi tazarar tsawo don ya matse. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Idan soso ne, yanka sabo mai tauri, ko na shimfiɗar linzamin kwamfuta ya isa.

Idan ramin katako ne ya cinye, sukuru na juyawa ba ya kamawa, shafa wa tsinken sakace gam na katako, cusa shi, karya, bari ya kwana. Sufa gulu kuwa kada ya kusanci jita. Idan ka canza sukuru, tafi da tsohon, domin na Amurka da inci ake auna zarensa, na Asiya galibi da milimita, kuma tilasta shi yana cinye ramin gindin fikof.

Mayar da komai, ɗaure tsirkiya. Danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jita ka auna tazarar tsirkiya da fikof: ga fikof ɗin Stratocaster na yau da kullum, kamfanin Fender da ke ƙera ta na ba da kusan milimita 2 a ɓangaren tsirkiya mai kauri, 1.6 a na siririya. Idan sauti na rawa kamar ba a saita ba, maganaɗisu ne ke jan tsirkiya, sauke shi rabin juyi.