Kurakuran da aka fi yi wajen wanke fanel bayan liƙi

Duk shekara da damina ta kankama sai kayan da aka gyara tun bazara su fara dawowa shago: inbata, caja, na'urar sola, wayoyi. Mai kaya ya ce batir na zuƙewa ko na'ura na kashe kanta, yaron da ya yi aikin kuma ya rantse liƙinsa lafiya lau. Bai yi ƙarya ba, liƙin na nan daram. Abin da ya bari a gefen liƙin ne ya ci fanel ɗin, wato allon nan na cikin na'ura da ake liƙa ƙananan kayan wuta a kai. Bakina ya gaji da maimaita wannan ga kowane sabon yaro.

Fes, wato man da muke shafawa kafin a narka dalma, aikinsa ya cinye tsatsar da ke kan ƙarfe don dalma ta kama. Ke nan akwai asid a cikinsa. Idan ragowarsa ta kwanta tsakanin ƙafafu biyu na kayan da aka liƙa a fanel, ta sha danshin iska, ga wutar batir a tsakaninsu, sai ƙarfe ya riƙa narkewa daga ƙafar fozitif yana bin laimar zuwa ta negatif. Can yake taruwa, ya yi ta tsiro da baya kamar saiwar ciyawa har ya haɗe ƙafafun biyu. Wannan tsiron ake kira dendirait, daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Azurfa ta fi saurin yin haka, amma kuza da dalma da jan ƙarfe duk suna yi. Danshi da wuta ba a hannunmu suke ba, dattin ne namu.

Kuskuren da ya fi cina kuɗi shi ne amfani da fes ɗin masu liƙin radiyeta da bututun ruwa. Wata shekara cikin watan Maris nawa ya ƙare, ga inbatoci jibge suna jira, sai na karɓi gwangwani ɗaya a wurin wani mai liƙi. Wallahi ban taɓa ganin dalma ta kwanta sumul haka ba. Na goge sama-sama, na rufe, kowa ya ɗauki kayansa yana godiya. Watan Agusta suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Da na sa a madubin ƙara girma, sai ga layukan jan ƙarfe sun yi kore, ga wasu siraran rassa masu ruwan toka tsakanin ƙafafun aisi, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa da ke kan fanel. Na sayi sababbin fanel daga aljihuna, wani mutum kuwa har batiransa sun lalace, bai sake tako shagona ba. Irin wannan fes yana ɗauke da zinki kulorayid, gishiri ne mai janyo ruwa daga iska. Kada ya shigo teburinku ko da kyauta aka ba ku. Ni yanzu ba na sayen fes sai na ga ROL0 a jikinsa: RO na nufin na ƙaro ne, L ƙarfinsa kaɗan ne, sifilin kuma gishirin halayid (dangin kulorayid) da ke ciki bai kai kashi 0.05 cikin ɗari ba.

Na biyu shi ne wankin ganin ido, kuma shi ya fi ɓata min rai don kullum sai na gani. Yaro ya tsoma buroshi a sifirit, ya goga sau uku, ya hura da baki, ya ce an gama. Me ka gama? Sifirit ya narkar da fes, ka baza shi ko'ina, ya bushe, dattin da ke wuri ɗaya yanzu ya shige ƙarƙashin aisi inda hannunka ba zai ƙara kaiwa ba. Farin nan da kake gani kamar kanwa bayan ya bushe, shaidar aikinka ce. Sifirit ba ya kashe datti, ɗaukarsa kawai yake yi, dole ka ba shi wurin zuwa. Yadda nake yi: in karkata fanel, in goga, in danna tsumma mai tsabta marar zare ya tsotse tun yana jiƙe, sannan in kwarara sabo ya gangara ƙasa. Sau biyu aƙalla. Sifirit ɗin da ake kira isofurofil, mai kashi 99, nake sa wa. Na kashi 70, sauran talatin ɗin ruwa ne. Robar da kuke tsoma buroshi tun safe kuwa, zuwa azahar ta koma miyar fes, ku zubar.

Wasu suna fakewa da cewa an rubuta a jikin fes ɗinsu ba ya buƙatar wanki. Wannan maganar ta shafi fes ɗin da zafi ya ratsa sosai ne. Wanda ka lafta da yawa ya malala nesa da bakin ayan ɗin liƙi bai ji wuta ba, yana nan da ƙarfinsa. Ni wankewa nake yi, kuma in na fara sai na kai ƙarshe, don rabin wanki ya fi rashinsa illa.

Fetur da tina ba abin wankin fanel ba ne, ga maiƙo, ga cin roba, ga haɗarin gobara kusa da bulowa mai hura iska mai zafi. Fes mai narkewa a ruwa a wanke shi ranar da aka yi liƙin, da ruwan distil, wato tataccen ruwa marar gishiri, ba na famfo ko na leda ba. Gumin hannu gishiri ne, a riƙe fanel ta gefe. Kada a fesa man da ke kare fanel daga danshi a kan datti, rufe shi ka yi a ciki. Injin wanki mai girgiza yana iya lalata makirfon da kiristal na waya.

Saura bushewa. Sama yakan bushe cikin minti ɗaya alhali ƙarƙashin aisi na jiƙe, kai kuma ka jona batir kana sauri mai kaya na tsaye. Ka ba shi haƙuri ya zauna. Ina bi da iskar bulowa mai ɗumi daga nesa, ta kowace kusurwa, in ajiye ya huce. Idan aka kawo na'ura mai lafiya yau, gobe ta ƙi, musamman bayan an yi ruwan sama, kafin in taɓa ko aisi ɗaya sai na duba tsakanin ƙafafu da madubi, domin reshen siriri ne, wuta kan ƙone shi ya sake tsirowa.