Ɗaukar Hoto a Tafiyar Mota Lokacin Ƙanƙara

Kafin ka kama hanya, duba tayoyi, ka cika tanki. Sanyi na zuƙe batirin kyamara da wuri, shi ya sa nakan ajiye na biyu a aljihun ciki, jikina na ɗumama shi.

Dusar ƙanƙara na ruɗa kyamara: farin ya yi mata yawa, sai ta mayar da shi toka-toka. Don gyara wannan, je saitin hasken hoto a kyamarar ka ƙara shi da mataki 1, wani sa'in 2. Fito da sassafe ko dab da magariba, lokacin da inuwar itatuwa ke miƙewa zar a kan farin fili. Hoton tsakar rana dai ba ya burge ni.

Kada ka tsaya a kwanar hanya, komai kyan wurin. In za ka koma mota mai ɗumi, saka kyamarar a leda ka ƙulle, kada raɓa ta kwanta a gilashinta.