Babi na 7: Iskar da Muke Shaƙa a Kazaure

Darasi na 1: Daga ina ƙurar take?

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. A wannan babi za mu koyi rubuta halin iskar garinmu a littafi, domin mu san lokacin da za mu tsare yara da tsofaffi da masu ciwon asma. Ku tanadi fensir da littafi da ɗan toka a gwangwani. Tokar murhu ta isa.

Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu ce take kaɗawa, daga arewa maso gabas. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne a ƙasar Chadi mai suna Bodele, inda dā can akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Ita ce kuke gani ta yi fari a kan girar yaro da ganyen darbejiya. Ita ce hazo. In ta yi kauri, har jirgin sama yakan kasa sauka a Kano.

Wannan ƙura kowa ya sha ta, daga Damagaram har Zariya. Amma garinmu yana da nasa hali. Muna da duwatsu, muna da tudu da kwari, ga dam, ga hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa mu. Da daddare a lokacin sanyi, iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro daga tudu ta kwanta a kwari. Hayaƙin murhu da na bola da na mota ba ya samun hanyar tashi sama, sai ya kwanta tare da ita. Ku fito bayan sallar asuba ku duba: za ku ga hayaƙin mai ƙosai ya tashi kaɗan, bai wuce kan katanga ba, ya miƙe a kwance. Sai rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama sannan ya watse. Shi ya sa mai gida a kwari ya fi na tudu shaƙar hayaƙi da sassafe da kuma bayan magariba.

Darasi na 2: Gane inda iska ta fito

Nan ne akasarin ɗalibai suke tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi.

Tsaya a fili, nesa da katanga. Fuskanci inda rana take fitowa. Gabanka gabas ne, bayanka yamma. Hannun hagunka arewa, na damanka kudu. Mata, ku ma haka. Ɗebi toka da yatsu uku, ɗaga hannu daidai kafaɗa, ka saki.

Yanzu ku saurara da kyau. Inda iska ta FITO ake rubutawa, ba inda toka ta tafi ba. In toka ta yi kudu, iska daga arewa ta fito, sai ka rubuta "arewa". In toka ta yi yamma, ka rubuta "gabas". Baƙon da ya taso daga Daura za shi Kano, in ya yada zango a nan, baƙon Daura muke ce masa. Iska ma haka.

Mu sake. Toka ta yi kudu, me za ka rubuta? Arewa. Toka ta yi arewa fa? Kudu. Madalla. In ka ruɗe ba laifi, ido ne yake bin tokar, hannu kuma ya bi ido. Ga dabara: bayan ka saki toka, juya a hankali har ka ji iska tana bugun fuskarka sosai. Inda kake kallo a lokacin, daga nan ta fito. Shi za ka rubuta.

A hunturu toka za ta riƙa faɗuwa tsakanin kudu da yamma. To, daga ina iska ta fito? Daga tsakanin arewa da gabas. Rubuta "arewa maso gabas". In toka ta faɗi daidai ƙafarka, rubuta "babu iska", ka ja layi a ƙarƙashi, domin irin wannan safiya ce hayaƙi ya fi kwanciya.

Na sha duba littattafai in tarar mutum ya rubuta "kudu maso yamma" a tsakiyar Janairu. Haba Malam! Iskar kudu maso yamma ta damina ce, daga teku take zuwa da ruwa. A ce ka rubuta ta a lokacin da leɓenka yake tsagewa? Kuskure ka yi, ka bi inda toka ta tafi. Goge ka gyara. Kuma wanda ya zauna a ɗaki ya cike layin mako guda da ka, ina ganewa. Ku fita ku saki tokar.

Darasi na 3: Cika jadawali

Ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, ka sami gida biyar. A kan gidajen rubuta: Rana, Lokaci, Iska, Dutse, Wari. Misali: 12 Janairu, 7:00 na safe, arewa maso gabas, dishi-dishi, hayaƙin roba.

A gidan "Dutse", zaɓi dutse guda da ake hangowa daga ƙofar gidanka, kada ka canza shi. Rubuta "tar", ko "dishi-dishi", ko "ba a gani". A gidan "Iska" kuwa, ina sake tuna muku, inda ta fito.

Ranar da kuka rubuta "ba a gani", a rufe wa yara hanci da ƙyalle ko takunkumi, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a ƙona bola. Kuma don Allah kada a kwana da kaskon gawayi ko janareta a ɗaki a rufe. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Darasi na 4: Bazara da damina

Maris zuwa Mayu zafi ne da guguwa da holoƙo. Lokacin sanƙarau ne: a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe taga. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a kai asibiti nan take. Yuni zuwa Satumba ruwa yana wanke ƙura, dutse ya fito tar. A ci gaba da cika jadawali.

Darasi na 5: Kaka

Sussuka da shiƙa da ƙona gona. Mai shiƙa ta ba iska baya. A cika jadawalin kwana 7 a kawo ranar Asabar.