Mai shanyewar ɓarin jiki: a koya wa mai jinya kafin a sallame shi

'Yan uwa ma'aikatan lafiya, musamman nas nas da ke kan wod, ko a Asibitin Murtala kake ko Asibitin Malam a Kano, ranar sallama kar ka tsaya kan takardar magani kawai. Mu 'yan fisiyo, masu gashi kamar yadda mutane ke kiranmu, in mun ga mara lafiya sau ɗaya ko biyu a sati to mun yi ƙoƙari, sauran kwanakin yana hannun matarsa ne ko ɗansa. Kuma yawancin sauƙin da ake samu a wata 3 zuwa 6 na farko yake zuwa. To mai jinyar nan shi za ka zaunar.

Fara da kafaɗa, dan nan aka fi ɓarna. Za ka ga an kama hannun da ya shanye an finciko Baba daga katifa wai za a zaunar da shi, alhalin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, sai ta zame ta fara ciwon da zai hana shi motsa hannun gaba ɗaya. Nuna musu su tallafo ta bayan allon kafaɗa da ƙugu, in yana zaune a ɗora hannun kan filo kar ya yi ta lilo. Kar ka ce "kun gane ko?" dan ko ba su gane ba eh za su ce maka saboda kunya. Ka ce su yi a gabanka.

In yana kwance a juya shi duk bayan awa 2, a riƙa duba ƙugu da dunduniya saboda gyambon kwanciya.

Abinci kuma a zaune sosai, ba a kishingiɗe ba. In yana ƙwarewa ko muryarsa ta canza bayan ya kurɓi ruwa, a dakata a dawo da shi a duba haɗiya, dan abin na iya gangarawa huhu ya zama nimoniya.

Sai gashin gida, wannan kam yana damuna wallahi. Lokacin hunturu a kawo ruwan zafi ko kaskon wuta kusa da ƙafar da ba ta jin zafi, sai dai a ga ƙuna. Ka hana kai tsaye.

Motsa jiki kuwa ka haɗa shi da abin da ya saba, ya ja carbi da hannun, ya riƙe kofi, ya tashi daga kujera ya zauna sau da yawa a rana da mutum a gefensa. Tausayin nan na "Alhaji kwanta ka huta" shi ke sandarar da gaɓoɓi. In ka ga ya daina magana da mutane yana yawan kuka, faɗa wa likita, ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan lalurar.

Maganin hawan jini kuma kar a ajiye dan an fara rubutu ko tofi, a haɗa duka, a rage gishiri da magi, sannan ka rubuta musu ranar dawowa gashi a bayan katin.